Cigiyar da Sale Ya Riƙe Mini

Sale ya rasu.

Da hantsin nan yayansa Adamu ya kira ni daga Dagona, ina tsaye ina ba tumaki dusa. Ya ce jiya aka yi masa sutura a can ƙasar Turai inda yake aiki, bayan kwana tara a asibiti. Ciwon hanta ne, wanda ya daɗe yana ɓoye mana. Na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na ajiye kwanon, na nemi wurin zama.

Tun lokacin sau ɗaya na tashi daga wurin nan, kuma zan faɗi abin da ya tashe ni.

Waɗanda suka san ni a Nguru da Gashua sun san ba na rubutu a shafin nan sai idan zan gyara wa wani tsohon ɗalibina kuskure. Yau ku yi haƙuri da ni, zan yi tsawo.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, yawancinsu a wata firamare a Gashua. Sale ɗan masunci ne daga Dagona, aka kawo shi gidan gwaggonsa don ya yi boko. A aji huɗu ya zo hannuna. Ba ya surutu, ba ya faɗa, amma idonsa ba ya zama a kan allo.

Wata safiya na kama shi ya zuba wa taga ido.

“Sale, allo yana gaba. Me kake nema a waje?”

“Malama, dinya ce. Talatin da bakwai.”

Garken tsuntsayen yana can sama, yana wucewa. Na ba shi bulala biyu a tafin hannu, ɗaya ta rashin kula, ɗaya ta ƙarya. Da aka fita tara, sai na ga sun sauka a fadamar bayan makaranta. Na sa tabarau, na tsaya, na ƙirga su sau biyu. Talatin da bakwai ne.

Na koma aji na ba shi haƙuri a gaban kowa. Wannan ne karo na farko da na ba ɗalibi haƙuri, kuma ban yawaita ba daga baya.

Idon nan ne ya kai shi duk inda ya je. Da ya girma ya riƙa raka masu ƙirga tsuntsayen ruwa a dausayin Dagona, suka ga abin da na gani, aka buɗe masa hanyar karatu har Turai. Ya zama Dakta. Duk da haka bai taɓa shigowa gidana da takalmi ba, kuma ban taɓa iya zaunar da shi a kujera ba.

Ya san ba na karɓar kyauta daga hannun ɗalibi. Sai ya zo da bandar kifi a kwali ya ce, “Malama, ajiya na kawo. Idan na kwana uku ban dawo ba, kada a bari ta lalace.” Ni da shi mun san washegari zai hau jirgi.

Da idona ya fara rauni, na ƙi yarda kowa ya riƙa karanta mini saƙon waya. Shi ya zauna yini guda ya koya mini aika saƙon murya da sauraronsa. Sau goma na ɓata, sau goma ya maimaita, bai nuna a fuska ba cewa yau shi ne malamin.

Shekara biyar ko shida da suka wuce ya kira ni yana dariya.

“Malama, na koma leƙen taga.”

Ya ce idan ya sami hutu yana zuwa wani tsibiri a Bahar Rum, ya shiga cikin wasu masu aikin sa kai. Suna da ɗan ƙaramin jirgin sama, wanda cikinsa bai fi motar haya ta Nguru zuwa Gashua ba. Matuƙi yana gaba, mai rediyo yana gefensa, masu dubawa suna baya, kowa da tagarsa da madubin hangen nesa. Su yini suna kai da kawo a kan teku, suna neman kwale-kwalen roba da mutanenmu ke cika maƙil daga Libiya don su haye Turai. Ya ce abin da za ka hango a ƙasa, wani farin kumfa ne, wani inuwar gajimare ce, wani kuwa mutum ɗari ne da injinsu ya mutu, kuma daga sama duk kamanninsu ɗaya ga wanda bai saba ba.

Na ce, “To idan kun gan su sai ku sauka?”

Dariyar ta tsaya.

“Ba ma sauka, Malama. Ba mu da igiya, ba mu da tsani. Ido ne da rediyo kawai.”

Idan sun gan su, sai su rubuta daidai wurin, su kira hukumomi, su kira duk jirgin ruwan da ke kusa. Wani ya amsa ya juyo. Wani ya yi shiru kamar ba kowa a ciki. Su kuwa su yi ta kewayawa a sama har mai ya kusa ƙarewa, sannan dole su juya gida.

“Suna ɗago hannu, suna kaɗa riguna. Sun ɗauka an zo. A Dagona idan mutum ya yi ihu a ruwa, ko maƙiyin babanka ne, gorarka ta ninkaya za ka jefa ka bi shi. A nan kuwa ina zaune da bel a ƙugu ina ƙirgawa.”

Ya ce yakan ƙirga su idan sun iso, ya sake ƙirga su idan za su tafi, kuma akwai ranar da ƙirgen tafiya ba ya kai na zuwa.

Na saurare shi yadda ake sauraron labarin wata ƙasa. Har na ce masa Allah Ya ba da lada, na koma ga tumakina.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba.

Ina da jika, Bukar. A hannuna ya tashi, a gidan nan na Nguru, tare da ubansa da uwarsa Falmata. Yana da shekara ashirin da shida lokacin da abin ya faru. Ya bi ta Nijar ya shiga Libiya, yana aikin shimfiɗa tayil a gidajen mutane, ya shekara biyu a can. Ni da shi ba mu taɓa yin magana ta hankali ba. Shi ne ragon mijina, ni ce tsohuwar matarsa da zai saka. Tun yana ɗan shekara biyar muke a haka, kamar kowane jika da kakarsa.

Wata Alhamis da hantsi ya kira ni.

“Amarya, kina nan kina ta tsufa?”

“Ina nan, ragon maza. Wa ya ba ka aron waya?”

“To ki yafe ni. Gobe da asuba zan haye ruwa. Idan na isa na sake ki, Baturiya zan aura.”

Ya ambaci sunan garin da za su tashi. Na ji shi da kunnena.

Na ce, “Kai? Kai da ba ka shiga kogin Gashua sai an riƙe maka hannu? Haye mana. Ka gaishe mini da kifaye.”

Ya yi dariya har da tari. “Ki dai yi mini addu'a, tsohuwa.”

“Addu'ata ta masu hankali ce.”

Muka ajiye waya a kan haka.

Ya sha faɗin zai haye ya auri Baturiya, tun kafin ya san inda teku take. Ban ji wani bambanci ba a ranar. Sai daga baya na gane cewa ba zai iya gaya wa ubansa ba, don zai hana shi, ba zai iya gaya wa uwarsa ba, don za ta yi kuka. Ni ya zaɓa, ya sa maganar a cikin wasa domin ta nan ne kawai ya san hanyar zuwa wurina. Ni kuma na mayar masa da wasa.

Ranar Lahadi abokinsa da suke ɗaki ɗaya ya kira uban Bukar daga Libiya. Sun tashi tun Juma'a, kuma ba wanda ya ji ɗuriyarsu.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira Sale.

“Sale, ban taɓa roƙonka komai ba.”

“Faɗi, Malama.”

Na gaya masa duka, har da kifayen. Tambaya uku ya yi mini: yaushe suka tashi, daga wane gari, kuma wane launi ne kwale-kwalen. Ta farko na sani. Ta uku ba wanda ya sani. Ta biyu an gaya mini, na yar. Abokin nasa ma bai sani ba, don masu fasa-ƙwaurin mutane ba sa faɗin wurin sai ga wanda zai shiga.

Ni da na shekara talatin ina sa yara haddace sunayen garuruwa. Na ɗauko tsohon littafin taswirata, na bi bakin tekun Libiya da yatsa, ina karanta sunayen da ƙarfi ko kunnena zai gane ɗaya. Biyu suka yi mini kama. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Da na rasa abin yi sai na zauna na rubuta cigiya, irin wadda ake kaiwa gidan rediyo idan mutum ya ɓata ranar kasuwa. Ana cigiyar Bukar, mutumin Nguru, dogo, baƙi, mai wushirya, da tabo a girar hagu, yana jin Hausa da Barbarci. Duk wanda ya gan shi ya taimaka ya sanar. Na ɗauki hotonta na aika wa Sale.

Da wani ne, da ya yi mini bayanin cewa daga sama ba a ganin wushirya. Sale ya kwafe ta da hannunsa a takarda, ya ninke, ya sa a aljihun gaba.

A ranar ya sanar da abokan aikinsa na jirgin. Shi kuma ya bar aikinsa ba tare da an ba shi hutu ba, ya kama hanyar tsibirin, ya roƙi a ba shi taga. Ranar Talata ya tashi. Da yamma saƙonsa ya shigo.

“Malama, mun tashi, mun sauka. Mun ga kwale-kwale ɗaya ba kowa a ciki, gefe guda ya sace. Mun kuma ji an kama wani an mayar da mutanensa Libiya, an tsare su. Ban san wanne ne nasu ba, ko ma ba ko ɗaya. Ban gan shi ba.”

Na kama maganar waɗanda aka mayar, na riƙe ta da hannu biyu.

Shekara biyu da wata bakwai ke nan. Duk hutun da ya samu a can ya ƙare. Duk inda aka sauke waɗanda aka ceto, idan ya sami hanya sai ya je ya nemi masu jin Hausa, ya fito da takardar ya karanta musu. Kuma duk ranar da ya tashi sai ya aiko mini da murya, kalmomin ba sa canzawa. Mun tashi, mun sauka, ban gan shi ba. Ban goge ko ɗaya ba.

A kan waɗannan saƙonni na hana a yi wa Bukar zaman makoki. Uban ya nema, na hana. Limamin unguwarmu ya zo da dattawa biyu, suka yi magana mai kyau, na ba su ruwa, na ce, “Malam, akwai mai dubawa.” Wata maƙwabciya ta yi kuskure ta ce Allah Ya jiƙansa a tsakar gidan nan, ba ta ƙara shigowa ba sai da ta aiko da ban haƙuri.

Falmata ba ta taɓa musa mini ba. Ta rame a gabana. Ba a yi mata ta'aziyya ba, ba a yi mata barka ba. Ina ganin abin da nake yi mata, kuma ban gaya mata ɗanta ya kira ni ba.

Ganina da Sale na ƙarshe bara ne, lokacin yankan shinkafa. Ya biyo ta Gashua ya zo da kwalin bandarsa. Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na ce ba ya cin abinci, ya ce abincin Turawa ne ba gishiri. Na yarda, domin ina da abin da ya fi damuna.

Muka zauna a gindin darbejiya, ni a kujera, shi a tabarma. Maƙwabta sun shanya barkono a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce haka masu rigar ceto suke daga sama, ja-ja a warwatse. Waɗanda ba su da rigar kuwa sai an dace.

Ya fito da takardar ya nuna mini. Ta yi laushi, ninkin ya fara yagewa, ya liƙe shi da salatif.

Na yi masa tambayar da na daɗe ina juyawa.

“Sale, da na kira ka ranar Alhamis ɗin, da sunan garin a bakina?”

Na so ya ce ba abin da zai canza. Ya san abin da nake so ya ce.

Ya sunkuyar da kai. “Da mun san ta inda za mu fara, Malama. Wataƙila da mun gan su. Ko mun gan su, sai wani jirgin ya amsa. Wani lokaci ana amsawa. Ban sani ba. Ke kika hana ni rubuta amsar da ban lissafa ba.”

Na ji haushinsa, har na kawar da kai. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “Amma ya ji muryarki kafin ya shiga, kuma dariya yake yi. Da yawa ba sa samun wanda za su kira.”

Da zai tafi na ce ya bar takardar, ya huta. Ya mayar da ita aljihu.

“Ajiya ce, Malama. Muddin ina hawa, tana hawa.”

Ya sa takalminsa a waje, ya tafi neman motar Gashua. Ban raka shi ba, domin ba na raka ɗalibai. Da na sani da na taka har bakin titi.

Yau da Adamu ya gama gaya mini rasuwar, sai ya ce akwai wani abu. Matar Sale ta sami wata takarda a aljihun rigar da ya tafi da ita asibiti, da sunan jikana a ciki, tana tambaya ko a aiko mini.

Na ce a ba wani cikin abokan aikinsa ya ci gaba da hawa da ita. Sai na ji abin da na faɗa da kunnena. Da Hausa aka rubuta ta. Ba wanda zai iya karanta ta a cikinsu, kuma ba wanda zai san wa zai karanta wa. Mutanen kirki ne, gobe ma za su tashi, za su duba wa kowa ɗansa. Amma mai duba mini Bukar da sunansa mutum ɗaya ne, kuma jiya aka rufe shi.

Na ce a aiko.

Shi ne na tashi. Na je ɗakin Falmata, abin da ban saba yi ba, na same ta tana tsince shinkafa. Ta yunƙura za ta ba ni wuri, na ce ta zauna. Na gaya mata Sale ya rasu. Sannan na gaya mata kiran ranar Alhamis, kalma da kalma, ban rage kifayen ba, ban rage addu'ar da na hana shi ba.

Ta ci gaba da tsince shinkafar. Na tsaya ina jiran duk abin da za ta ce, domin ta cancanci ta faɗe shi.

“Hajiya, dariya yake yi?”

“Dariya yake yi. Har da tari.”

“Haka yake yi idan yana jin tsoro,” in ji ta. Ta ture farantin gefe, ta rufe fuska da mayafi.

Ni na raine shi, ban san wannan ba.

Na ce mata idan uban ya dawo daga kasuwa a sanar da liman, a shimfiɗa tabarmi gobe. Duk wanda ya zo yi mini gaisuwar Sale, ya shiga ya gaishe ta. Ba zan ƙara tsayawa a ƙofa ba.

Ya Allah, ga bawanKa Sale ɗan Dagona. Ka ba shi ido, bai ɓoye shi ba. Ya ga bayinKa a cikin ruwa, ya yi kira iyakar muryarsa, hannunsa bai kai ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, Ka tsaya wa matarsa da 'ya'yansa. Waɗanda suka rage a cikin ɗan jirgin nan, Ka ƙara musu gani, Ka sa a riƙa amsa musu idan sun yi kira. Waɗanda ke kan ruwa a wannan sa'a, Kai kaɗai Ka san adadinsu.

Ku da kuka karanta, ban saba roƙo ba, kun sani. Ina roƙonku ku sa Sale a addu'arku bayan kowace salla a yau. Tsofaffin ɗalibaina da suka zauna aji ɗaya da shi, ku gaya wa 'ya'yanku talatin da bakwai ɗin daidai ne.

Ku sa Bukar ma. Ya roƙe ni addu'a na hana shi, ku taya ni biya. Wanda ya ga ya ce Allah Ya bayyana shi, ya ce. Wanda ya ga ya ce Allah Ya jiƙansa, ya ce, ba zan ƙara hana kowa ba.

Ni dai bakina bai iya ba tukuna.